Filaya mai wuƙa a ƙugu: me dokar Ingila ta ce?

Ɗan Fagge:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman haske daga waɗanda suka san kan abin. Ƙanena zai tafi karatu Manchesta watan gobe, kuma yana da hannu a gyaran lantarki. Yana da irin filayar nan mai naɗewa da ake kira malti-tul, ƙirar Leatherman Wave+, wadda a cikin ƙotarta akwai wuƙa biyu, zarto, magagari, almakashi da sukundireba. A nan gida kullum tana ƙugunsa cikin kubenta, ba wanda ya taɓa ce masa kanzil.

Wani ya ce masa a Ingila in dai wuƙa ba ta wuce inci 3 ba to babu laifi. Mun sa tef mun auna, ba ta kai ba. Wani kuma ya ce ko da wasa kada ya kuskura ya fita da ita. To wanne za mu kama? Zai iya shiga ƙasar da ita? In ya shiga, zai iya yawo da ita kamar yadda ya saba? In ba zai iya ba, wace iri ce ba ta jawo magana?

Baƙon Landan:

Wa alaikumus salam Malam. Kowanne cikin mutanen biyu ya faɗi rabin gaskiya, amma na biyun ya fi kusa da ita.

A fara raba mallaka da fita da abu. Mallakar Wave+ ba laifi ba ne a Ingila. Ana sayar da ita a kantuna, zai iya ajiye ta a ɗakinsa ya yi aikin da ya ga dama da ita. Gizo yana saƙa ne daga lokacin da ya tsallake bakin ƙofa tana jikinsa.

Sashe na 139 na Dokar Shari'ar Laifuka ta 1988, wadda ke aiki a Ingila da Wales, ya haramta wa mutum riƙe duk wani abu mai kaifi ko mai tsini a wurin da jama'a ke shiga, sai in yana da dalili mai ƙarfi. Abu guda aka keɓe: wuƙar aljihu mai naɗewa wadda kaifinta bai wuce inci 3 ba, wato santimita 7.62. Nan mutumin farko ya tsaya da karatu. Abin da bai kai gare shi ba shi ne yadda kotuna suka fassara "mai naɗewa". A shari'ar Harris ta 1992 aka yanke cewa wuƙar da ke kullewa idan an buɗe ta, har sai an danna wani abu kafin ta rufu, ba ta cikin waɗanda aka keɓe. Kotun ɗaukaka ƙara ta ƙara tabbatar da haka a shari'ar Deegan ta 1998. Wato dole ne wuƙar ta kasance da an tura ta da hannu ta naɗe, ba sai an saki makulli ba. Wuƙar Wave+ santimita 7.37 ce, tefinku bai yi ƙarya ba, amma tana kullewa. A idon doka matsayinta ɗaya da wuƙar kicin: ba a fita da ita sai da dalili.

To mene ne dalili? Dokar da kanta ta ambaci uku: don aiki, don addini, da kuma in tana cikin kayan gargajiyar ƙasa, kamar 'yar wuƙar da 'yan Sikotland ke sokewa a safa. Akwai wasu dalilan da kotu ke karɓa, irin su mai tafiya kamun kifi ko kwanan daji, ko wanda ya sayo ta yana kan hanyar gida tana cikin kwalinta. Amma a lura da abu biyu. Na farko, kai ne za ka gamsar da kotu cewa kana da dalili, ba mai gabatar da ƙara ne zai nuna ba ka da shi ba. Na biyu, dalilin yana ɗaure ne da lokacin da aka same ka da ita. Mai gyaran lantarki da ke cikin bas da ƙarfe 8 na safe, kayan aiki a jikinsa, filayar tana cikin jakar kayan aiki tare da testa da salatif, wannan yana da ta cewa. Shi ɗin dai in aka same shi da ƙarfe 11 na dare a bakin kantin sayar da kaza, filayar tana ƙugunsa, kasancewarsa mai gyaran lantarki ba zai fisshe shi ba. Haka mahauci ko mai suya: daga gida zuwa wurin sana'a, wuƙaƙe a naɗe a ƙasan jaka, daga can kuma ya dawo gida kai tsaye.

"Na manta tana aljihuna" shi kaɗai ba dalili ba ne. A shari'ar Gregson ta 1992 mutumin ya ce wuƙar aikinsa ce, kwana shida da suka wuce ya yi aiki da ita ya manta ta a jikinsa, kotu ba ta karɓa ba. Mota ma ba mafaka ba ce. In motar tana kan titi, abin da ke cikin aljihunta ana lissafa shi kamar yana tare da kai a bainar jama'a.

Maganar da ta fi kowacce muni a bakin wanda ɗan sanda ya tsayar ita ce "don kare kaina nake riƙe ta". Da ya faɗi haka ya faɗa hannun wata dokar ta 1953 wadda ta hana yawo da makami, kuma a ƙarƙashinta niyya ake dubawa. Ko 'yar ƙaramar wuƙar da doka ta keɓe, in ka ce don mutum ka tanade ta, ta zama makami.

Hukuncin yana iya kaiwa ɗaurin shekara 4, ko tara, ko duka biyun. Tun 2015, baligin da aka kama karo na biyu aƙalla wata 6 ne a gidan yari, sai in alƙali ya ga wani uzuri na musamman. A Sikotland dokarsu daban ce, ta 1995, amma tsarin kusan ɗaya ne, kuma can iyakar ɗaurin shekara 5 ce. Ga ɗalibi mai biza kuwa, ko ba a ɗaure shi ba, tabon laifi kaɗai ya isa ya dagula masa sabunta takardu da neman aiki, domin ana bincika tarihin mutum. Ɗaurin wata 12 ko fiye kuma hanyar korar baƙo ce daga ƙasar.

Maƙerin Zamani:

Baƙon Landan ya gama da ɓangaren doka. Bari in taɓa ƙarfen kansa, domin da yawa ba su san ko tasu tana kullewa ba.

Gwajin mai sauƙi ne. Buɗe wuƙar har ta miƙe. Janye yatsunka daga ramin da take kwanciya, sa tafin ɗaya hannun a bayanta ka tura a hankali. In ta ɗan yi tauri sannan ta karye ta naɗe, sifirin ne kawai ke riƙe da ita, ba makulli. In ta tsaya cak sai ka danna wani falle a cikin ƙota, ko maɓalli a baya, ko ka murɗa zobe, to mai kullewa ce. A Wave+ wuƙaƙen biyu da zarto da magagari suna waje, kowanne da fallen ƙarfe da ke faɗawa bayansa ya tokare shi. Na cikin ma, almakashi da sukundireba, suna da nasu makullin a gindin ƙota.

Wajen awo, tsawon kaifi dokar ta ambata, amma kada a dogara da wannan. A auna daga tsini har inda ƙarfen ya shige ƙota. In duka wannan bai kai 7.62 ba, babu abin da za a tsaya gardama a kansa a bakin titi.

Waɗanda suka dace da sharuɗɗan biyu:

Wuƙaƙen aljihu na kamfanin Victorinox masu tsawon milimita 91 a rufe, irin su Spartan, Tinker, Climber da Huntsman. Duk sifirin ne, babu makulli, babbar wuƙarsu tana wajen santimita 7. Ƙananan na milimita 58 irin su Classic ma haka. Amma kada sunan kamfanin ya ruɗi mutum. Manyan na milimita 111 suna kullewa kuma sun zarce tsawo, SwissTool ɗinsu mai filaya kuwa komai nata yana kullewa.

In filayar ce ya fi buƙata, akwai Leatherman Bond, kayan aiki 14, wuƙarta ba ta kullewa kuma ba ta kai inci 3 ba. Akwai kuma waɗanda aka ƙera ba wuƙa sam, kamar Rebar marar wuƙa da Gerber MP600 marar wuƙa. Sai dai a duba sauran bakunan. Zarto da basilla ma kaifi ne da tsini, in suna kullewa ana iya tayar da magana a kansu.

Waɗanda ke yaudarar mutane su ne Opinel da Okapi, saboda kamar wuƙar yankan albasa suke. Opinel daga lamba 6 zuwa sama tana da zoben da ake murɗawa ya kulle ta. Lamba 6 santimita 7 ce kacal, amma zoben ya fitar da ita daga keɓewar. Lamba 8 kuwa 8.5 ce, ta faɗi ta fuska biyu. Okapi mai zoben da ake ja a baya ita ma mai makulli ce. Haka wuƙar yankan kwali mai reza da ake turowa da babban yatsa, tunda ba naɗewa take ba.

Wasu suna kwance Wave ɗin su cire wuƙar. Ana yi, amma ban ba da shawara ba. Sukurorinta masu kan tauraro ne da ɗan tsini a tsakiya, an kuma ɗiga musu gam, sai an riƙe gefe ɗaya an murɗa ɗayan, in ba a ɗan ɗumama ba kan sukurun ya cinye. In ka cire wuƙa dole ka cike gurbinta da washa, wato faifan ƙarfe mai huda a tsakiya, mai kauri daidai da nata, in ba haka ba ƙotar ta riƙa lilo. Bayan duk wannan wahala zarton yana nan yana kullewa, kuma garantin shekara 25 da kamfanin ke bayarwa yana iya tashi. Mafi muni shi ne masu goge makullin da magagari don wuƙar ta "daina kullewa". Wuƙar da aka ƙera da makulli ba ta da sifirin da zai riƙe ta, in ka kashe makullin ta zama sakakka, ranar da ta rufe a kan yatsa sai ɗinki.

Wanda ya saba da mai makulli kuma ya koma marar makulli sai ya sake koyon riƙo. Yanka kawai ake yi da ita, ƙarfi yana tafiya ta kan kaifi. Ba a soka ta cikin katako ko roba mai tauri, ba a banƙara murfin gwangwani da ita, ba a danna bayanta. In za a huda abu, ga basilla nan.

Ɗan Fagge:

Allah ya saka da alheri, kun warware mana. Ke nan Wave ɗin ta zauna a ɗaki, sai ranar aiki. Saura hanya. Jirgin nasa daga Kano zai tashi, ya sauya wani a hanya. A wace jaka zai sa ta? Kuma akwai yiwuwar ya leƙa wani ɗan'uwanmu a Jamus lokacin hutu, can ma dokar inci 3 ɗin ce?

Uwar Matafiya:

Ɗan Fagge, a babbar akwatin da ake aunawa a wuce da ita cikin jirgi, ba jakar hannu ba, ba aljihu ba. A naɗe ta cikin kubenta, a cusa tsakiyar kaya. Ya kuma zazzage jakar goyonsa gaba ɗaya kafin ya fita gida, domin yawancin abin da ake ƙwacewa a filin jirgi ba da gangan aka ɗauko shi ba, a ƙaramin zif yake kwance tun bara. Akasin haka ne da fawa-banki da batiran litiyom: su a jakar hannu ake son su, ba a akwati ba. Mutane kan juya abin.

Sauya jirgi yana da nasa tarkon. Ko a Alƙahira ne, ko Adis Ababa, ko Doha, ko Istanbul, galibi ana sake bi ta na'urar bincike, kuma kowane fili da ƙa'idarsa. Abin da ya wuce a filin farko ana iya tare shi a na biyu, a lokacin kuwa akwati ta riga ta shige, ba yadda za a yi sai a bar musu shi.

A filayen jirgin Birtaniya da na Tarayyar Turai, ma'aunin jakar hannu santimita 6 ne, ba 7.62 ba. Kada a haɗa dokar titi da ta jirgi. Ƙaramin almakashi da bai wuce 6 ba yana wucewa. Sannan jerin gwamnatin Birtaniya na kayan aiki ya hana filaya, sukundireba, sifana da zarto a jakar hannu, saboda haka ko malti-tul marar wuƙa ba ta da tabbas a can. Amurka kuwa ba a shiga jirgi da wuƙa komai ƙanƙantarta. A 2013 hukumar tsaron filayen jirginsu ta yi niyyar barin ƙananan wuƙaƙe, ma'aikatan jirage suka yi ca, aka janye. Amma su suna barin kayan aikin da bai wuce inci 7 ba da malti-tul marar wuƙa. Ko'ina dai maganar jami'in da ke bakin na'ura ita ce ta ƙarshe.

Wajen shiga Ingila, Wave+ a cikin akwati ba haramtaccen kaya ba ce. Waɗanda kwastan ke ƙwacewa su ne waɗanda aka hana mallakarsu ɗungurungum: wuƙar da ke fitowa da kanta in an danna maɓalli, mai ƙota biyu da ake wulwulawa, wadda aka ɓoye cikin biro, bel ko sanda. Dokar 2019 ta sa ko a cikin gida laifi ne a ajiye irinsu. A Satumbar 2024 aka ƙara da manyan wuƙaƙe da adduna irin waɗanda suke kira na zombi. In wani ya ba shi tsarabar wuƙar ado ya kai wa wani, ya duba ta da kyau kafin ya karɓa.

Jamus lissafinta daban. Sashe na 42a na dokar makamansu ya hana yawo da wuƙar da ake buɗewa da hannu ɗaya kuma take kullewa, da kuma miƙaƙƙiyar wuƙa da ta wuce santimita 12. Wave+ ta haɗa biyun farko, tana da ramin babban yatsa kuma tana kullewa, don haka ta faɗa ciki. Abin mamaki, Opinel lamba 8 da Ingila ta hana, a Jamus ba ta cikin wannan sashe, tunda sai da hannu biyu ake buɗe ta. Tarar karya wannan sashe tana iya kaiwa Yuro 10,000. Ana iya ɗaukar irin Wave a cikin jakar da aka kulle da kwaɗo. Bayan harin wuƙa da aka kai a garin Solingen a Agustan 2024 kuma sun ƙara tsanantawa, sun hana wuƙa kowace iri a bukukuwan jama'a da jiragen ƙasa masu dogon zango, in ba da uzurin da doka ta yarda da shi ba, ga kuma unguwanni da tashoshin da aka ayyana ba a shiga da makami. Ziyarar hutu ce, ya bar ta a Manchesta.

Tsohon Kafinta:

Ina da 'yar gyara ga jerin Maƙerin Zamani, don kada yaron ya ɗauka cewa da ya sayi Spartan ko Bond shi ke nan ko'ina zai shiga. Dokar ƙasa ta ba ka dama a titi, amma mai wuri yana da ikon hana ka. Filin ƙwallo, kotu, gidan tarihi, wuraren taro masu na'urar bincike a ƙofa, duk suna karɓe ko 'yar Classic. Ɗakunan kwanan ɗalibai ma suna da nasu sharuɗɗan a takardar haya, ya karanta kafin ya sa hannu. Makarantun yara da kwalejoji kuwa sashe na musamman gare su, 139A, wanda ya shafi har mai makulli da aka shiga da ita harabar ko da ba wurin jama'a ba ne. In aka kira shi gyara a irin wannan wuri, ya sanar da mai kula da wurin abin da ke cikin jakarsa tun daga ƙofa.

Sannan batun addini da Baƙon Landan ya ambata, misalin da aka fi sani shi ne wuƙar da mabiya addinin Sikh ke ɗaurawa. Kada wani ya ce zai fake da layya ya sa wuƙar yanka a jaka ranar Sallah. A can yankan addini sai a mayankar da gwamnati ta ba lasisi, kuɗi ake biya wa mahauci a karɓo nama, saboda haka hujjar ba za ta tsaya ba.

Baƙon Landan:

Gyaran Baba Kafinta daidai ne. In ƙara abu ɗaya game da tsayarwar 'yan sanda. Suna da ikon caje mutum in suna da dalilin zargi, kuma a ƙarƙashin sashe na 60 na wata dokar 1994, babban jami'i yana iya ayyana unguwa na ɗan lokaci a caje kowa ba tare da zargi ba. In aka tsayar da shi, kafin su sa hannu ya faɗa da bakinsa cewa akwai kayan aiki mai wuƙa a jakarsa, ya nuna wurin da baki, kada ya zura hannu ya ciro. Katin wurin aiki ko saƙon waya mai adireshin inda aka kira shi gyara ranar yana taimakawa ƙwarai. In abin ya kai ga ofishinsu, yana da haƙƙin lauya kyauta, ya nema kafin ya amsa tambaya. Kada kuma ya yi saurin karɓar gargaɗin da suke bayarwa a madadin kotu don a sallame shi da wuri, domin karɓarsa amsa laifi ne kuma yana shiga tarihinsa.

Maƙerin Zamani:

Na karɓi gyara, Baba. Tunda Wave ɗin za ta daɗe a kwance, kuma Manchesta garin ruwa ne da laima, a shirya ta kafin tafiya. Ƙarfen wuƙarta 420HC ne, yana jure tsatsa amma ba ya gagararta. A wanke da ruwan ɗumi da ɗan sabulu, a sa tsohon buroshin haƙori a fitar da ƙurar harmatan da ta maƙale a gaɓoɓi, a busar sarai, sannan a ɗiga man keken ɗinki ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, a buɗe a rufe kamar sau goma, a goge ragowar. In kuben na fata ne kada a bar ta a ciki wata da watanni, fata tana riƙe danshi, sai a buɗe a tarar da jajayen ɗigo a haƙoran filaya da kan magagari.